VLF ko PI: wace ce za ta yi aiki a jar ƙasar Zariya?

Malam, ka ce dillali ya nuna maka na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa guda biyu, ɗaya an rubuta mata VLF (Very Low Frequency, mai wutar kai-da-komo ba tsayawa), ɗaya PI (Pulse Induction, mai sakin wuta tana yankewa), ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, kana so ka san ko akwai bambanci na gaske. Akwai, kuma ƙasar da za ka yi aiki a kanta ce za ta raba gardama.

Tushensu ɗaya ne. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa kusa da waya, lantarki yakan tashi a cikinta ko ba a haɗa ta da batir ba. Da haka janareto da taransifoma suke aiki. Faifan nan da ke ƙasan sandar na'urar, naɗin wayar tagulla ne a cikinsa. Wuta ta bi ta naɗin, ya aika maganaɗisu cikin ƙasa. In akwai zobe ko ƙusa a wurin, sai wata 'yar wuta ta tashi tana kewaya jikin ƙarfen, ita ma ta haifar da nata maganaɗisun, na'urar ta ji, ta yi kuka. Shi ya sa take jin zinare da azurfa duk da mayen ƙarfe ba ya kama su. Ita abin da lantarki ke iya bi take nema. Inda suka rabu shi ne yadda kowacce take tayar da wannan wuta, da lokacin da take saurare.

VLF naɗi biyu gare ta, mai aikawa da mai karɓa. Wutarta kai-da-komo take ba tsayawa, sau dubu 3 zuwa dubu 30 a daƙiƙa, waɗanda aka ƙera don ƙananan ɓarɓashin zinare ma sun zarce haka, wata mai suna Fisher Gold Bug 2 tana yin dubu 71. An jera naɗin biyu yadda mai karɓa ba zai ji mai aikawa ba, sai ƙarfe ya shigo tsakani ya ɓata daidaiton. Amsar da ƙarfen ke bayarwa takan ɗan makara, kuma makarar ƙusa daban, ta azurfa daban. Da wannan take tantancewa, har ta nuna maka lamba a allo. Kada dai ka ɗauki lambar da zafi, don kunnen gwangwanin lemo da zoben zinare sukan fito da lamba kusan ɗaya.

Matsalarta ita ce tana saurare ne a lokacin da take magana, duk abin da ke wurin jinsa take. A 1881 Alexander Graham Bell ya nemi harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield da na'ura mai irin wannan tsari, bai dace ba, ana kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan ƙarafan gadon da yake kwance. Mu a nan jar ƙasar kanta ce ke damun na'urar. Jan nan na marmara da ke ko'ina daga Samaru zuwa Shika tsatsar ƙarfe ce. Ka kunna VLF mai arha a kanta, za ka ji tana ta ƙorafi ba komai a ƙasa. Maganin shi ne saita ta da ƙasar: ka riƙa ɗaga faifan kana sauke shi a wuri mai tsabta, kana murɗa maɓallin har kukan ya daina sauyawa. Wadda ba ta da wannan maɓallin, ko kyauta aka ba ka, ka bar wa yara.

PI kuwa yawanci naɗi ɗaya ya ishe ta. Takan saki wuta mai ƙarfi, ta yanke ta farat ɗaya, ta yi shiru ta kasa kunne, ta maimaita ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa. Ka buga ƙwarya, ƙarar take za ta mutu. Ka buga tasa, amon zai ja lokaci. Amsar jar ƙasa da sauri take mutuwa, ta ƙarfe takan daɗe, sai na'urar ta ɗan dakata na wani lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, ta bar ƙasa ta gama surutunta, sannan ta saurari abin da ya rage. Don haka ta fi nutsawa a marmara da ruwan gishiri. Amma tantancewarta ba ta kai ta kawo ba. Ƙusa, guntun garma, murfin kwalba, duk sai ka tona. Tana da nauyi, tana shan batir, kuma ƙanƙanin zinaren da amonsa ke mutuwa da wuri yakan kuɓuce mata.

Maganar zurfi fa, a nan dillalai ke cin kasuwa. Ga ƙaramin abu kamar kwabo, in zurfin ya ninka biyu, abin da na'ura ke ji yakan ragu kusan sau 64. Duk wanda ya ce maka na'urarsa tana hango zinare daga nisan kilomita, kuɗinka yake hangowa. Sannan babu ko ɗaya cikin biyun da ke jin garin zinare, irin wanda ake niƙa dutse a wanke kafin a gan shi a wuraren Anka da Maru. Sai dunƙule.

In neman zoben da ya ɓace ne a gona, ko bin sawun bututun ruwa kafin a haƙa harsashin gini, ko kuma yanzu za ka fara koyo, VLF mai maɓallin saita ƙasa ta wadatar, ni ita zan saya. PI ta mai neman dunƙulen zinare ce a ƙasa mai taurin kai, wanda kuma yake da lasisi, don dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Wuraren tarihi irin su Kufena da ganuwa kuwa, kada ma ka kai faifanka can.

Kafin ka biya, kada ka yarda da gwajin cikin shago, inda ake wuce da zobe ta gaban faifai a iska. Ka ce ya fito waje, ku binne zobe da ƙusa a jar ƙasa kamar zurfin taƙi ɗaya, taku biyu tsakaninsu, ka riƙe sandar da hannunka.