Injin markaɗe na hannu da piren dankali: inda ya yi da inda ya gaza

A shagunan kayan girki na babbar kasuwar Maradi akwai wani ɗan inji da mutane da yawa ke wucewa ba su tambayi aikinsa ba. Kamar kwano yake mai buɗaɗɗen gindi, da hannun juyawa a sama da ƙafafu uku masu lanƙwashewa. A jikin kwalinsa za a ga an rubuta moulin à légumes. Wani Bafaranshe, Jean Mantelet, shi ya yi rajistar ƙirarsa a 1932, kuma kamfaninsa ne ya koma Moulinex a 1957. Mafi yawan waɗanda ake kawowa yanzu ba su da wani sanannen suna, amma ƙirar tana nan yadda take. Ga mai yin pire, wato dafaffen dankalin turawa da aka markaɗa, musamman mai son haɗa shi da wasu kayan lambu, injin nan ya cancanci kuɗinsa, in dai an zaɓi mai kyau.

Sassansa kaɗan ne: kwanon, faifan ƙarfe mai huji-huji da ke zama a gindi, wuƙa lanƙwasasshiya da ke haɗe da hannun juyawa, sai sandar da ke gitta bakin kwanon tana danne wuƙar da sifirin. Mai kyau yana zuwa da faifai uku, mai ƙananan huji, matsakaici, da mai manya. Kafin a biya, a haɗa shi a gaban mai shago a juya. In wuƙar tana gogar faifan ko'ina har ana jin ƙararta, sifirin ɗin yana da ƙarfi. In tana yawo a sama, a ajiye shi, don dankalin zai riƙa zagayawa ne kawai ba ya sauka. A nemi na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Na farin ƙarfe mai shafe ya fi araha, amma da shafen ya goge sai tsatsa ta kama bakin hujin, na roba kuwa kunnuwan da sandar ke maƙalewa su ne ke fara karyewa. Wajen ɗora faifan, tudun yana kallon sama. Masu cewa injin ba ya aiki, sau da yawa faifan suka kifa.

Abin da ya sa ya fi bilenda a wannan aiki shi ne sitaci. Dafaffen dankali cike yake da ƙwayoyin da suka kumbura da sitaci. Wuƙar bilenda tana farfasa su, taɓarya ma haka, sai abin ya fito da danƙo yana jan cokali kamar sakwara, kuma ba madarar da za ta gyara shi. Injin hannu yana tura dankalin ta hujin sau ɗaya tak, ya zubo sako-sako, ƙwayoyin ba su fashe ba. Ga shi kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe: kilo ɗaya na dankali, madara mai zafi mililita 200 zuwa 250, bota giram 60 zuwa 80. In soyayyen man shanu za a sa, cokalin cin abinci uku ya isa, don shi mai ne zalla kuma ƙamshinsa na da ƙarfi. A fere dankalin, a yanke duk inda ya yi kore ko ya fara tsiro, saboda wurin na da ɗaci kuma yana ɓata ciki. A raba shi gida biyu ko huɗu daidai wa daida, a zuba cikin ruwan sanyi da gishiri sannan a ɗora. In aka jefa shi cikin tafasasshen ruwa, baya zai narke ciki bai nuna ba, gudajin nan ne ke toshe faifai. Minti 20 zuwa 25 bayan tafasa ya nuna. A tsiyaye, a mai da shi tukunya kan wuta kaɗan na minti biyu har tururin ya ragu gefensa ya yi fari-fari. A markaɗa da zafinsa a faifan tsakiya, a fara sa man, sannan madarar kaɗan-kaɗan, ana juyawa da muciya a hankali. Dankalin da ya huce ba ya markaɗuwa da kyau. Sabon tono na lokacin sanyi, irin wanda ke saukowa daga lambunan Agadas da Bonkuku, ya fi ruwa, don haka a fara da rabin madarar a ga yadda ya sha.

A haɗin karoti ne injin ya fi nuna kansa. Dankali giram 700, karoti giram 300. Karoti ya fi dankali taurin kai, sai a yanka shi sirara a ba shi minti goma a wuta kafin dankalin ya shiga. A markaɗa karotin shi kaɗai a ƙaramin faifai, dankalin a matsakaici, sannan a haɗa. In aka zuba su tare a faifai ɗaya, dankalin zai wuce ya bar karotin yana birgima ƙarƙashin wuƙa. Ɗan masoro da tafarnuwa ƙwaya biyu da aka dafa tare da dankalin sun wadatar. Wannan shi ne haɗin da yara ba sa musu da shi, kuma yana tafiya da miyar kaza ko soyayyen kifi.

Kabewa ta fi daɗi, ta kuma fi wuyar sha'ani. Ruwa ne cikinta, in aka dafa ta a tukunya ɗaya da dankali, kunu za a samu. A turara ta a madambaci minti 15 zuwa 20, a bar ta ta tsane, a markaɗa. Nan injin yana yin abin da cokali mai yatsu ba zai iya ba: zaren kabewar yana tsayawa a saman faifai, naman kawai ke sauka. Kashi biyu na dankali, kashi ɗaya na kabewa, madara rabin ma'auni ko ƙasa da haka. Tana son man shanu da albasa ja irin ta Galmi, wadda aka soya a hankali har ta yi ruwan zuma, a zuba a kai ba a ciki ba. A ganinmu babu haɗin da ya kai wannan, ballantana in akwai gasasshen naman rago a gefe.

Dankalin Hausa rabi da rabi yana yi, sai dai zaƙinsa na buƙatar abin da zai tsaya masa, ɗan citta ko attarugu guda da aka jajjaga aka soya cikin man. Farin wake ma yana shiga, kashi ɗaya cikin huɗu, a dafa shi har ya yi luguf. Ba sai an surfe shi ba, ƙaramin faifai yana riƙe ɓawon. Piren yakan yi nauyi, ya riƙe ciki, ya sha madara fiye da sauran.

Inda injin ya gaza shi ne ganye. Zogalen Jiratawa, alayyahu, kabeji, duk nannaɗewa suke a jikin wuƙa, ruwansu ya zube cikin piren ya mai da shi kore tsululu, ganyen kuma ya rage a sama. Kada a saka su ciki. A dafa zogalen daban, a matse shi tamau da hannu, a daddatsa da wuƙa, a soya sama-sama da albasa, a juya shi cikin piren daga ƙarshe; cikin tafin hannu biyu na matsattsen ganye ya ishi kilo ɗaya. Kabeji a yanka shi siri-siri a soya cikin bota minti goma. Gwaza ma ba abokiyar injin ba ce, santsinta na like hujin, juyi biyar sai an tsaya an kankare. In ana son ta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar.

Akwai kuma gajiyar hannu. Kilo biyu zuwa uku ba komai, amma girkin biki ko suna ya fi ƙarfinsa. A riƙa zuba ludayi biyu a lokaci guda, bayan kowane juyi biyar ko shida a mayar da hannun baya sau ɗaya don wuƙar ta kwashe abin da ya maƙale, a kuma kankaro wanda ke manne ƙarƙashin faifan, don da yawa yake taruwa a can. A ɗora ƙafafun kan tukunya mai nauyi, ba roba ba.

Masu jarirai da suka kai wata shida za su fi kowa morarsa: ƙaramin faifai, dankali da karoti ko kabewa, ba gishiri ba magi, a sassauta da ruwan dahuwar. Pire mai madara ba ya jure zafin Maradi, in babu firigo kada ya wuce awa biyu a ajiye. Shi kuma injin a kwance shi a wanke nan take da buroshi, don sitacin da ya bushe cikin huji sai an jiƙa shi an bi da tsinke ɗaya bayan ɗaya.