In Kuɗin Faifai Ɗaya Kake da Su, Wanne Za Ka Ɗauka?

Ƙanena ya sayo na'urar juya faifai, irin wadda har yau tsofaffi ke kira garmaho ko da ba a wana ta da hannu. Ran da ya haɗa ta ya kira ni: "Yaya, kuɗin faifai ɗaya suka rage mini, wanne zan fara da shi?" Ya turo mini sunaye bakwai da ya tsinto, duk tsofaffin faya-fayan Amurka da Ingila ne na tsakanin 1959 da 1973. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan, don na lura masu irin tambayarsa suna ƙaruwa, kuma 'yan damfara sun riga ni lura.

Bari in fara sallamar waɗanda ba za su ɗauke mu lokaci ba. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, faifai ne na gwada lasifika. In taka ba ta da kyau, asarar kuɗi ka yi. Abbey Road na Beatles, 1969, ba shi da aibu, sai dai ba inda zai je, bayan shekara goma ma za ka same shi. Led Zeppelin II, shi ma 1969, ka fara shawara da maƙwabta. Otis Blue na Otis Redding, 1965, da I Never Loved a Man the Way I Love You na Aretha Franklin, 1967, muryoyi ne da ba a yi musu na biyu ba, amma waƙoƙi ne ɗaiɗai da aka tara wuri guda, kana iya jin kowace ita kaɗai a waya ba ka rasa komai ba. Saura biyu: Kind of Blue na Miles Davis da What's Going On na Marvin Gaye. Ba zan ɓoye ba, na Marvin Gaye na ce ya saya.

Dalilina na farko shi ne an ɗinka shi ne daidai jikin faifai. Ka ɗora allura a gefen farko, waƙoƙi shida za su biyo juna, yawancinsu ba a ma yanke tsakani ba, wannan na zubawa cikin waccan kamar hirar dare da ba a san inda aka canja zance ba. Minti talatin da biyar ne duka, waƙoƙi tara. Lokacin da gefen farko ya ƙare da "Mercy Mercy Me", dole ka tashi ka juya, kuma wannan ɗan shirun da ke tsakani yana cikin abin da ka biya. A waya ba ka samunsa.

Sannan labarin yadda aka yi shi ya kai a riƙe a hannu. Kamfanin Motown na Detroit ya saba da waƙoƙin soyayya masu minti uku, kuma Marvin Gaye na cikin manyan masu kawo masa kuɗi da irinsu. A watan Maris 1970 abokiyar waƙarsa Tammi Terrell ta rasu, ya janye jikinsa daga dandali. Ƙanensa Frankie kuma ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labaran da suka hana shi barci. Ana cikin haka Renaldo Benson na ƙungiyar Four Tops ya kawo masa waƙar "What's Going On", wadda ya soma bayan ya ga 'yan sanda na dukan masu zanga-zanga a Berkeley a 1969. Marvin ya gyara ta, ya ɗauka, mai kamfanin Berry Gordy ya ƙi a fitar. Shi kuma ya ce to ba zai sake shiga situdiyo ba. A Janairun 1971 waƙar ta fita, ta kai lamba biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, sai ga kamfanin da ya ƙi ta yana neman cikakken faifai da gaggawa. A cikin kwana goma na watan Maris aka ɗauki ragowar, faifan ya fito ran 21 ga Mayu 1971 ƙarƙashin tambarin Tamla, wani reshen Motown.

Abin da nake so ka kasa kunne a kai shi ne jitar bes ta James Jamerson a waƙar farko. Ba ta bin ganga kamar bara, yawonta take yi a ƙarƙashin murya, ta tsaya inda ba ka zata ba, ta dawo. A ƙaramar lasifikar waya ba ta fitowa sam, shi ya sa mutane da yawa sun san waƙar shekara da shekaru ba su taɓa jin rabinta ba. Ga kuma muryoyin Marvin guda biyu da ke tafiya tare, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Asalinsu kuskure ne: ya rera sau biyu don ya zaɓi ɗaya, injiniya ya kunna su tare, ya ji ya ce a bar su haka. Hayaniyar gaishe-gaishen da ke buɗe faifan kuwa, har da 'yan ƙwallon Detroit Lions biyu a ciki, Mel Farr da Lem Barney, abokansa ne. Kuma a wannan faifan ne aka fara rubuta sunayen makaɗan Motown a jikin kwali, bayan shekaru suna kaɗawa ba a san da su ba. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerinta na faya-fayai 500 a 2020, amma wannan bai dame ni ba, jeri ne, gobe su sake shi.

Wane bugu za ka nema? Na asali na Amurka lambarsa TS 310, kwalinsa mai buɗewa ne kamar littafi, da baitocin a ciki, a gaba kuma Marvin cikin baƙar rigar ruwa ya ɗaga wuyanta. An buga shi da yawa, saboda haka bai yi tsadar hauka ba, sai dai galibin waɗanda na taɓa riƙewa sun sha biki, suna ƙara kamar ana soya gyaɗa. In sabo kake so, akwai bugun cika shekara 50 mai faifai biyu, wanda Kevin Gray ya yanka daga tef na asali. Na Amurka nake nufi. Ka tambayi mai sayarwa a wace ƙasa aka buga nasa kafin ka tura ko sisi.

To Kind of Blue fa? Ba ni da bakin kushe shi. An ɗauke shi a zama biyu kacal, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a wata tsohuwar majami'a da kamfanin Columbia ya mayar situdiyo a New York, da John Coltrane da Cannonball Adderley da Bill Evans da Paul Chambers da Jimmy Cobb, sai Wynton Kelly a fiyano a waƙa ɗaya. Faifan bayan isha'i ne, in gida ya yi tsit. Amma shi ne ya ƙona ni, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga abin da ya faru. Na gan shi a intanet wurin wani dillali a Turai, sabo dal cikin leda, an manna takarda mai ƙyalli an rubuta giram 180, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Na ce yau na yi tsuntuwa. Wata biyu na jira kafin wani abokina ya taho mini da shi a jakarsa. Da na ɗora, sai na ji ƙahon Miles siriri kamar ta cikin gwangwani, bes ɗin Chambers da ke buɗe "So What" kamar daga gidan maƙwabta yake zuwa. Na juya kwalin, na duba sama da ƙasa, babu sunan Columbia ko'ina. Sai daga baya na gane dawar garin. A dokar Turai ta da, haƙƙin sautin da aka ɗauka shekara 50 ne. Da aka ƙara shi zuwa 70 a 2013, ba a waiwayi abin da ya fito kafin 1963 ba. Ma'ana kowa a can na iya buga Kind of Blue ba tare da ya karya doka ba, kuma ba tare da ya taɓa ganin tef na asali ba, don tef ɗin na hannun Sony, mai kamfanin Columbia. To daga ina suke kwafa? Galibi daga CD. Ka biya kuɗin faifai, ka biya na jirgi, a kawo maka CD da aka shafa a kan roba. Duk jazz na shekarun 1950 haka kasuwarsa take, cike da irin waɗannan. What's Going On na 1971 ne, wannan ƙofar ba ta buɗe a kansa ba, kuma wannan kaɗai ya isa in ce sabon shiga ya fara da shi.

Ko na gaskiyar ma yana da nasa. Injin tef ɗin da aka yi aiki da shi a zaman farko yana ɗan jan ƙafa, don haka waƙoƙi uku na gefen farko a tsofaffin bugun sitiriyo sun ɗan fi yadda aka kaɗa su sauri da tsini. Sai a 1992 aka gyara. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi bugun farko mai tambarin Columbia da ake kira "ido shida", lamba CS 8163, ya sayi kuskuren tare da tarihin.

Tunda zancen cuta ya taso, bari in juye abin da ke cikina, don a nan kuɗin mutane ke tafiya.

Giram 180 nauyin roba ne kawai. Ba ya ƙara wa sauti komai, tsagin da aka yanka a jiki shi ne magana. Duk tallar da ta fi ƙarfi a kan nauyi da launi, ba ta ce uffan a kan inda aka samo sautin ba, ka bar musu kayansu. Har manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2022 Mobile Fidelity, wanda masu tara faifai ke rantsuwa da shi, ya amsa cewa ya daɗe yana ratsa sautinsa ta na'urar dijital kafin yanka, alhali masu saye sun ɗauka daga tef kai tsaye ne. Maganar har kotu.

Na biyu, jabu tsantsa. Nan ne Pink Floyd da Led Zeppelin suka fi shan wahala: faifai ja ko shuɗi ko mai ratsi-ratsi, a ce maka "bugu na musamman". Ka dubi kwalin da kyau. In ƙananan rubutun bayansa sun yi dishi-dishi kamar hoton hoto, jabu ne. In an ce maka bugun 1971 ne kuma ka ga layukan nan na baƙi da fari da ake haskawa a kanti, ƙarya ne, ba a fara sa su a kwalin faifai ba sai ƙarshen shekarun 1970. Na taɓa ganin "bugun farko" da adireshin intanet a bayansa. Mai shi ko kunya.

Shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira tana wurin santsin nan da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Ka karkata faifan a haske za ka ga lambobi da haruffa da aka zana ko aka buga. Su za ka kwatanta da abin da ke Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan bugun faya-fayai. A santsin nan ake ganin hatimin injiniyan sauti Van Gelder a faya-fayan kamfanonin Blue Note da Impulse!, a nan ake ganin RL na mai yankan faifai Robert Ludwig a Led Zeppelin II, yankan nan mai ƙarfin da ya sa allurar ƙananan na'urori tsalle har kamfanin Atlantic ya sake yanka shi da sanyi. Masu nemansa su duba gefe biyu, don akwai masu RL a gefe ɗaya kawai ana sayar da su da kuɗin cikakke. In dillali ya ƙi turo maka hoton wannan wurin, ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma tabbata lambar da ke kwali ita ce a faifai, don ana sa sabon faifai a tsohon kwali.

Sai darajar da suke rubutawa, NM da VG+ da VG. NM kusan sabo ke nan, VG+ an ji shi amma da kula, VG kuwa ka shirya jin ƙara. Matsalar ita ce mai kaya ne ke ba kayansa maki, kuma ba mai cewa nononsa ya yi tsami. Ni duk abin da aka rubuta, ina sauke shi mataki ɗaya a raina. Ƙyalli ma ba hujja ba ne, akwai masu shafa wa faifai mai ya yi sheƙi. Faifan da tsohuwar allura mai nauyi ta cinye, ba ka ganin ƙarzuwa, sai dai tsagin ya yi fari-fari kamar toka, kuma da murya ta hau sama sai ta tsage. A faifan Marvin, ka ce a kunna maka ƙarshen gefe, wajen "Inner City Blues", a turo maka bidiyo. Kusa da tsakiya lalacewar ta fi bayyana.

Na ƙarshe ba laifin dillali ba ne, nawa ne. Faifai roba ne, kuma masu rubuta shawarwari a Turai ba su san ranar Afrilu a Kano ba. Na taɓa barin wani a kujerar bayan mota na shiga ɗaurin aure, ban fi awa biyu ba. Na fito na tarar ya yi tudu da kwari kamar gurasa, ko faifan rufe ƙwarya ya fi shi miƙewa. In za a kawo maka, a sa shi cikin jakar hannu tsakanin kwalaye masu tauri, a cire shi daga kwalinsa a jera su tare don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya. A gida ka tsayar da shi a tsaye, nesa da taga, in hunturu ya shigo kuma ka rufe shi, ka share kafin kowane ɗorawa, don ƙurar nan a cikin tsagi kamar yashi take ga allura.

Ƙanen nawa dai ya samu TS 310 da aka rubuta wa VG+, wato VG a lissafina. Kwalin ya ɗan ci a kusurwa, akwai sunan wata mata da biro a ciki. Na sa ya karanto mini lambobin santsin ta waya ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya. Makon jiya ya sake kira, wai ya ga Kind of Blue sabo cikin leda, giram 180, da araha. Na ce ya juya kwalin ya karanta mini sunan kamfanin.