Zuwa Duniyar Wata ko Tauraron Ɗan'adam?

Shirin Apollo ya ci wa Amurka kusan dala biliyan 25, ya kuma sauke mutum a duniyar wata a 1969. An kwaso duwatsu, ilimi ya ƙaru, babu musu. Indiya ma ta sauke kumbonta a can a 2023.

Amma in kuɗin talakawa ne, ni tauraron ɗan'adam zan zaɓa. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya neman wata sai daren duban azumi ko salla. Ambaliya ce ke hana shi barci. Tauraro irin NigeriaSat-1, da aka harba a 2003, kan ɗauko hoton gonaki da hanyoyin ruwa daga sama, a san wuraren da gulbi ke malala kafin a zuba iri da taki.