Man kemis ko man haɗi: amsa ga ƙanwarmu mai ƙurajen fuska

Ƙanwata, tsakanin man benzoyl peroxide na kemis da man haɗin da aka tallata miki a WhatsApp, na kemis ɗin za ki saya, domin ni na shafa su duka biyun a fuskata.

Na fara shafa na kemis ɗin ne shekara uku da suka wuce, a tsakiyar hunturu, bayan yayata mai aikin jinya ta duba fuskata ta ce ƙurajen nawa irin masu kumburi da mugunya ne, waɗanda ke fitowa idan maiƙo da matacciyar fata sun toshe ƙofofin gashi har ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. Ta sa na sayi mai ƙarfin kashi 2.5, ta hana ni mai kashi 10, domin bai fi shi aiki sosai ba, ya dai fi shi ƙona fata. Makonni biyun farko sun ba ni wahala, don iskar Katsina a watan Janairu ba ta raga wa kowa, fuskata ta bushe tana saɓa, har na jefa shi bayan madubi da niyyar na haƙura. Yayar tawa ce ta tako har gidana a Ƙofar Ƙaura ta zaunar da ni, ta nuna mini yadda zan riƙa lakutar ɗan kaɗan da dare bayan na wanke fuska, yau in shafa gobe in huta, sannan in bi shi da mai marar nauyi. A mako na takwas sabbin ƙuraje suka daina fitowa, kuma da muka je biki Daura bayan ƙaramar salla, gwaggona ta kama haɓata tana dubawa, ta ce, "'Yar nan, fuskarki ta huta." Har yau ina jin daɗin wannan magana.

Aibinsa shi ne yana koɗar da launin tufafi, saboda haka ki ware masa farar rigar filo da farin tawul, kuma ki wanke hannu kafin ki taɓa mayafinki. Baƙin tabon da ƙuraje suka bari kuwa sai ya ɗauki watanni kafin ya dushe, musamman ga mai matse su da farce ko mai yawo cikin rana.

Man haɗin, iyakar abin da zan iya yaba masa shi ne yana kwantar da kumburi ya haska fuska cikin kwana goma. Wannan saurin kuwa yawanci aikin sinadarin sitiroyid ne, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, kuma ni da na daina shafawa sai ƙananan ƙuraje suka rufe mini goshi da kumatu tare da raɗaɗi.

Ki yi hattara da masu sayarwa, don wadda ta sayar mini rantsuwa ta yi cewa zuma da kurkum da man kaɗanya ne zalla. Duk man da aka ɗura a roba babu sunan abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewar aiki, ki bar mata kayanta, kuma kada hotunan da take turowa su ruɗe ki, domin da yawa daga intanet ake kwaso su. Shi ma na kemis ɗin ki saye shi a wurin mai rajista, ki karanta kwalin da idonki.

Sai dai idan abin da kike ji zafi ne da ja a hanci da kumatu, wanda ke tashi idan kin ci yaji ko kin sha shayi mai zafi ko kin tsaya a bakin murhu, kuma babu baƙaƙen ɗigo a fuskar, to wataƙila wata cutar fata ce da ake kira rosasiya, wadda benzoyl peroxide kan iya ƙara fusata ta. Ita maganinta daban ne, kamar man metronidazole, kuma likita ne zai rubuta miki. Haka nan idan ƙurajen manya ne masu ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko kuma kin cika mako 12 kina shafawa ba ki ga sauyi ba, ki yanki kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina kafin su bar miki ramuka a fuska.