Garmin eTrex 10 a burgamin maharbi: abin da na gani bayan rani uku

Farauta gado ce a gidanmu, ko da yake ni aikin koyarwa nake yi, kuma ba na shiga daji sai da rani, bayan an kwashe amfanin gona, a ranakun da babu makaranta. Mahaifina da ƙannensa a ayari suke fita, da karnuka da makaɗi, amma ni yawanci ni kaɗai nake zuwa, domin harbin zabin daji da fakara ba ya son hayaniya, kuma abokan da muka taso tare neman abinci ya watsa su birane. Wannan fita ni kaɗai ita ce ta kai ni ga sayen ƙaramar na'urar nuna wuri mai suna eTrex 10, ta kamfanin Garmin na Amurka, wadda yanzu na yi rani uku ina ɗauke da ita a dazuzzukan yankinmu na jihar Bauchi.

Dalilin sayenta wata makuwa ce da na yi a cikin watan Janairu. Na kafe babur a gindin wata tsamiya da ke bakin burtali, na harbi zabo bai faɗi nan take ba, sai na bi shi cikin duwatsu ban kula da baya ba. Kafin la'asar hazo ya sauko, rana ta ɓace gaba ɗaya, ko inuwata ba na gani, kowane dutse kuma ya koma kamar ɗan'uwansa. Wayata ta mutu tun da azahar saboda neman sabis da ta yini tana yi. A kan wani falalen dutse na kwana da ragowar ruwa kaɗan a gora, da safe kuma wani makiyayi ne ya nuna mini hanya, inda na gane cewa duk tafiyar da na yi da yammacin jiya nesa da babur nake ƙara yi. Manya kan danganta irin wannan ga iskokin daji. Abin da ni na tabbatar shi ne, mutumin da ba ya ganin rana kuma ba shi da wata alama mai nisa da zai dosa, kewaye yake yi alhali yana rantsuwa miƙe yake tafiya.

Na'urar ba ta da girma. Tana cika tafin hannu, launinta rawaya da baƙi, nauyinta wajen giram 142 har da batura, kuma allonta ɗan ƙarami ne, inci 2.2, baƙi da fari. An fito da ita tun 2011, saboda haka duk wanda ya saba da wayar zamani zai ga ta tsufa. Ba a shafa allonta; da wani ɗan sanda da ke gabanta ake sarrafa ta da babban yatsa, sai madannai a gefe biyu. Da farko na ɗauki wannan a matsayin koma baya, daga baya na gane alheri ne, domin hannun maharbi ba ya rabuwa da gumi da ƙura da jinin nama, ga kaushin hunturu, kuma madanni yana amsa irin wannan hannu ba tare da gardama ba. Rawayan ma yana da amfani, don sau biyu tana zamewa cikin busasshiyar ciyawa ina hango ta. Kamfanin ya ce tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti talatin. Ban nutsar da ita ba, amma ruwan farkon damina ya taɓa dukanmu tare, kuma ba ta nuna wata alama ba.

Ya kamata mai saye ya fahimci yadda take aiki, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ba a sa mata layi, ba ta cin data, kuma babu ruwanta da turakun kamfanonin waya. Saƙo take saurara kai tsaye daga taurarin ɗan'adam na Amurka da ake kira GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, tana kuma iya haɗawa da na Rasha da ake kira GLONASS. Idan ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda kake tsaye. A fili, inda sama take buɗe, takan nuna mini cewa kuskurenta bai wuce mita uku zuwa biyar ba. A cikin kurmi mai duhun ganye ko a kwazazzabo tsakanin duwatsu kuskuren yakan ƙaru, amma da taurarin ƙasashen biyu a kunne ban taɓa rasa su na dogon lokaci ba. Hazo kuwa, wanda shi ne ya ɓatar da ni tun farko, ba ya hana ta komai. Ko a yankunan da aka taɓa rufe layukan waya saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a 2021, irin wannan na'ura ba za ta daina aiki ba.

Abu biyu nake yi da ita, kuma su kaɗai sun biya kuɗinta. Na farko, da zarar na sauka daga babur, kafin in saɓa bindiga, sai in tsaya ta kama taurari, in shiga inda aka rubuta Mark Waypoint in ajiye wurin da sunan “babur”. Tana iya riƙe wurare har 1,000, kuma a hankali na cika ta da abubuwan da ke da amfani gare ni: tafkin da ba ya ƙafewa sai Maris, kukar da ke da zuma, mashigin rafin da ba shi da laka, rugar da aka taɓa ba ni nono, da wani tudu ɗaya tak inda sabis ke kamawa. Na biyu shi ne sawu. Duk inda na taka tana zana layi a allo, kuma idan na zaɓi TracBack sai ta mayar da ni ta kan wannan layin, lanƙwasa bayan lanƙwasa.

Ranar da na yarda da ita sosai ita ce ranar da gobarar daji ta tare ni. Ina cikin wata fadama da ciyawa ta kai kafaɗa sai na ji ƙarar wuta ta yamma, hayaƙi ya turnuƙe, shirwa suna ta shawagi a kansa suna kama fara. Hanyar da na biyo ta shiga wuta, don haka bin sawu ba zai yiwu ba. Sai na kira “babur”, allo ya nuna kilomita biyu da 'yan mitoci, ga kibiya. Na kewaya ta gabas, ta kan wani fako da wuta ba za ta ci ba, ina kallon lambar tana ƙaruwa da farko, sannan ta fara raguwa, har na hango tsamiyar ta cikin hayaƙi. A irin wannan hali abin da mutum ya fi bukata shi ne wani abu da zai hana zuciyarsa firgita, kuma lambar nan mai raguwa ta yi mini wannan aiki.

Batun batir shi ne inda ta yi wa waya fintinkau. Batura biyu ƙanana take ci, irin na AA da ake sa wa ƙaramar rediyo, waɗanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye, kuma kamfanin ya ce suna kaiwa awa 25. Da batura masu kyau ina yin fita biyu cikakku kafin in canza. Sai dai na taɓa sayen wasu masu araha a wani teburin bakin hanya, ba su kai ni azahar ba, kuma tun daga nan nake ɗaukar sababbi guda huɗu a ƙulle cikin leda. Akwai wurin da ake gaya mata irin batirin da aka sa, na alkalin ne ko mai caji, kuma idan ba a daidaita wannan ba ma'aunin batirin ba zai faɗi gaskiya ba. Hasken allo ma yana shan wuta, ga shi da dare yana tona inda mutum yake, don haka nake rage shi ƙwarai.

Akwai iyakokin da dole a sani kafin a dogara da ita. Wannan samfurin ba shi da kamfas na maganaɗisu a cikinsa. Kibiyarta daga motsinka take gane inda ka fuskanta, ma'ana idan ka tsaya cik kana juyawa, abin da take nunawa ba abin bi ba ne, sai ka yi taku da dama a miƙe sannan ta daidaita. Mutumin da ya ɗimauce kuwa tsayawa yake yi yana waige-waige, daidai lokacin da kibiyar ba ta da amfani. Maganin wannan ɗan kamfas ne na roba mai allura: na'ura ta ba ka digirin da za ka dosa, kamfas ya nuna maka shi ko kana zaune. Mun yi sa'a a wannan yanki namu, domin bambancin arewar da allura ke nunawa da arewa ta gaskiya kaɗan ne ƙwarai, amma a nisantar da kamfas daga bakin bindiga da adda, don ƙarfe yana jan allura.

Taswirar da ke cikinta kuma ta duniya ce baki ɗaya, manyan garuruwa da manyan hanyoyi kawai take nunawa, ba a kuma sa mata katin ƙarin ma'aji. A daji farin allo za ka gani da sawunka a kai. Ba za ta gaya maka akwai kwazazzabo tsakaninka da babur ba, kibiya miƙe take nunawa kamar tafiyar tsuntsu. Haka nan ba ta nuna iyakar gandun daji irin Yankari ko Lame-Burra, inda doka ta hana farauta, saboda haka wanda yake farauta kusa da irin waɗannan wurare sai ya tambayi ma'aikatan gandu, ya ajiye iyakar da hannunsa. Rubutunta ma babu Hausa, wanda hakan cikas ne ga maharban da ba su yi boko ba, ko da yake na koya wa wani ƙanen mahaifina madannai uku da yake bukata a yini ɗaya.

Abin da ya fi damuna, kuma nake roƙon duk mai karatu ya riƙe, shi ne cewa wannan na'ura saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Ta san inda kake, amma babu wanda ya san ta sani. Idan kububuwa ta sare ka, ko ka faɗo daga dutse ka karye, ko tsohuwar bindiga ta fashe a hannunka, za ta nuna maka lambobin wurin daidai, amma ba za ta kira kowa ba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma maganinsa allurar kashe dafi ce a asibiti, irin wadda asibitin masu fama da saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da ita. Tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ƙara ɓarna yake yi. Abin da na'urar za ta iya yi a nan shi ne ta nuna maka hanya mafi kusa zuwa inda mutane suke, idan har ka ajiye wuraren tun kana lafiya. Shi ya sa na ajiye tudun nan mai sabis, kuma wayata a kashe take zama a burgami, don in na kai can in tura lambobin ta saƙon tes ko in kira lambar gaggawa ta 112. Garmin na da wasu na'urori masu suna inReach da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, amma sun fi tsada nesa, kuma sai an riƙa biyan kuɗin rajista.

Na nuna wa sarkin bakan garinmu ita a shekarar farko. Ya juya ta a hannu, ya ce, “Malam, ta san hanya, amma ta san waɗanda suka kwana a dajin jiya?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ta sani ba.” Tambayar tasa ita ce gaskiyar zamanin nan, domin dazuzzuka da yawa a Arewa sun zama mafakar 'yan bindiga, kuma mutum ɗaya da bindiga da baƙuwar na'ura a hannu yana iya jawo zargi daga 'yan banga ko jami'an tsaro. Saboda haka ba na shiga wani daji sai na gaida mai unguwar da ke kusa na ji labarin kwanakin, katin ƙungiyar maharba da takardar bindiga suna aljihu, kuma dajin da aka ce kada a shiga ba na shiga. A gida kuma ina barin takarda wurin uwargida da sunan wurin da zan kafe babur, da lambobinsa, da lokacin da in ban dawo ba za ta sanar da ƙannena. Shafin na'urar da ke nuna lokacin faɗuwar rana shi nake dubawa in yanke wannan lokaci, kuma ina juyowa saura awa biyu rana ta faɗi ko na kama ko ban kama ba.

Wani zai ce wayar zamani ma tana da GPS, kuma gaskiya ne, tana aiki ko babu sabis idan an sauke taswira tun a gida, taswirarta ma ta fi wannan kyau. Amma waya ita ce kaɗai hanyar kiran taimako, kuma ban ga hikimar ƙone batirinta wajen nuna hanya ba. Ga wanda yake fita a ayari cikin dajin da ya sani tun yana yaro, wannan na'ura ba dole ba ce. Ga mai fita shi kaɗai, musamman lokacin hazo ko a baƙon wuri, ina ba da shawarar a saya. A ƙasashen waje, lokacin da ta fito, kuɗinta dala ɗari da 'yan kai ne, a nan kuwa ta hannu aka fi samu, kuma irinta na saya. Mai sayen ta hannu ya buɗe murfin baya ya duba ko batir ya taɓa zubewa ya ci ƙarfen, ya duba robar madannan gefe ko ta tsage, sannan ya fita da ita waje ya ga ta kama taurari kafin ya biya. Wanda kuma yake da hali, akwai ƙanwarta eTrex SE da ta fito a 2023, wadda ke da kamfas da ke aiki ko mutum yana tsaye, kuma batura biyu irin waɗannan suna kai ta har awa 168 bisa faɗar kamfanin. Ita nake shirin komawa idan rani ya zagayo, wannan kuma in bar wa ƙanen mahaifina da wuraren ruwan da ke cikinta.