Hattara da Masu Sayar da “Tallafin Karatu” ga 'Ya'yanmu a Amurka

Da zarar Oktoba ya kama, lokacin da aka saba buɗe FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, gidajen da ke da yaro a ajin ƙarshe na sakandare a Amurka sukan fara samun wasiƙu da kiran waya da saƙonnin WhatsApp. Wai akwai maƙudan kuɗin karatu da aka ware wa baƙar fata da 'ya'yan baƙi, ba kowa ya san da su ba, masu aiko saƙon kaɗai ke da jerin. A biya kuɗin rajista, su tabbatar an samu, in ba a samu ba su mayar. Jama'a, damfara ce. Iyayen da ba su yi karatu a tsarin Amurka ba su ne abin hari, domin ba su san ƙofar da ake bi ba, kunya kuma tana hana su tambaya.

Ga ƙofar. Tallafin gwamnatin tarayya ta FAFSA ake neman sa, a shafin studentaid.gov, kuma ko sisi ba a biya. Harafin farko na sunan ma, F, “Free” ne, wato “kyauta” yake nufi. Ta nan Pell Grant ke fitowa, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024-25, kuma ba bashi ba ne. Ba launin fata ake dubawa ba, samun iyali ake dubawa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin da wanda aka ba mafaka duk suna iya nema. Kuɗin kuma ta hannun makaranta suke bi: ta cire kuɗin karatu, ta ba ɗalibi ragowa. Babu wani dillali a tsakani.

A duba ƙarshen adireshin shafi da kyau. Shekaru da dama wani kamfani ya riƙe fafsa.com yana karɓar kuɗi don cike fom ɗin da yake kyauta, har CFPB, hukumar kare jama'a a harkokin kuɗi, ta same shi a 2015 da cirar kuɗi daga katin mutane ba da izininsu ba, aka sa ya biya dala miliyan 5.2. In ba .gov aka gani ba, ba shafin gwamnati ba ne.

Ƙungiyoyin gaskiya suna nan. UNCF tun 1944 take tallafa wa ɗalibai baƙar fata, akwai Thurgood Marshall College Fund, akwai shirin Ron Brown mai ba da dala 40,000 cikin shekara huɗu. Neman su kyauta ne, gasa ce mai zafi, kuma ba wanda zai iya yi maka alkawarin samu. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jami'o'i da yawa sun sauya sharuɗɗan tallafinsu, don haka jerin da ake sayarwa ma wataƙila ya tsufa. Sharaɗin bana a shafin ƙungiyar kanta ake karanta shi.

Akwai fom ɗaya na halal da ake biya: CSS Profile na College Board, wanda wasu jami'o'i masu zaman kansu ke nema, dala 25 makarantar farko, 16 kowace ƙari. Shi ma kyauta ne ga iyalin da ke Amurka wanda samunsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba.

Dabarar da ta fi cin mutane ita ce ta cek. Ambulan zai zo da takarda mai tambari da hatimi, tana taya yaro murnar cin gasar da bai taɓa shiga ba, ga cek na dala dubu biyu da wani abu. Sai a ce an yi kuskure kuɗin sun yi yawa, ko akwai haraji, a saka cek ɗin a banki a turo dala ɗari biyar ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta (gift card). Bayan kwana biyu sai ka ga kuɗi a asusunka, hankalinka ya kwanta, ka tura. Abin da ba a sani ba shi ne doka ce ta sa banki ya saki kuɗin da wuri, tantancewar gaskiya kan ɗauki makonni. Ranar da cek ya dawo na jabu, banki zai zare kuɗinsa duka, ɗari biyar ɗinka kuma sun tafi ke nan.

Sai taron otal. Ana gayyatar iyaye bita kyauta, a ƙare da matsa musu su sa hannu a kwangila yau-yau, wai gobe farashi zai tashi. Wasunsu har shawara suke bayarwa a rage samun da za a rubuta a fom. Don Allah kada a yarda. Ƙarya da gangan a FAFSA na iya jawo tarar dala 20,000 ko ɗaurin shekara biyar, kuma wanda ya sa hannu shi za a kama. Haka nan kada a ba kowa sunan shiga da kalmar sirrin studentaid.gov, ko da ɗan gari ne da kuke sallah masallaci ɗaya. Su ne sa hannunka a idon doka. Da su da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, ana iya cin bashi da sunan yaro.

'Yan uwa da ke gida masu neman zuwa da bizar ɗalibai ta F-1, ku sani ba ku cikin masu samun Pell, duk wanda ya ce zai samo muku ya yi ƙarya. Tallafinku daga jami'ar kanta yake fitowa, takardar I-20 da ake neman bizar da ita ma jami'ar ke bayarwa, ba a saye. Ofisoshin EducationUSA, cibiyoyin gwamnatin Amurka kan karatu a ƙasar, a Abuja da Legas da Yamai da Akara suna ba da shawara.

Wanda ya riga ya biya, ya kira bankinsa yau ya ƙalubalanci cirar, ya sauya kalmar sirri, ya kai ƙara a ReportFraud.ftc.gov. In lambar Social Security ta fita, a shiga IdentityTheft.gov, a kuma rufe bayanan bashi a kamfanonin da ke ajiye su, Equifax da Experian da TransUnion, kyauta ne. Mai buƙatar taimakon cike fom ya je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantar yaron, ko ofishin tallafin kuɗi na jami'ar, ko ya kira 1-800-433-3243.