Sharhi Kan Zaɓe da Gyaran Maski a After Effects

Wata takwas ke nan ina haɗa tallace-tallace da After Effects, manhajar gyaran bidiyo ta kamfanin Adobe wadda ta fara fitowa a 1993, kuma mafi yawan lokacina yana ƙarewa ne a kan maski, wato layin da ake zanawa a jikin hoto domin a bayyana wani sashe a ɓoye saura. Zana shi ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓensa bayan an zana.

Dalili kuwa shi ne abu uku ne kwance a wuri guda: leyar kanta, wato shimfiɗar da hoton yake kai, da maskin, da ɗigogin da ke riƙe da layin. A makonnin farko sau da yawa nakan kai hannu in ja ɗigo ɗaya, sai in ga hoton gaba ɗaya ya biyo ni, har sai da na lura cewa ɗigon da aka zaɓa cikakke ne, wanda ba a zaɓa ba kuma cikinsa fayau yake. Danna layin sau biyu yana fito da akwatin juyawa da faɗaɗawa, danna shi tare da maɓallin Alt yana kama ɗigogin duka, harafin M kuma yana buɗe saitin layin maskin nan take. Tun da hannuna ya saba da waɗannan, aikin ya daina ba ni haushi.

Babban gwajin da na yi wa manhajar shi ne ciro wani mahayi daga bidiyon hawan sallah. Na kewaye shi da maski ɗaya tun daga rawani har zuwa alkyabba, sannan da na kai tsakiyar aikin na goge ɗigo biyu da nake ganin ba su da amfani, ashe gogewar ta shafi kowane kifirem, wato kowace gaɓar bidiyon da na riga na saita siffar maskin a kai, har kunnen rawanin ya lotse a hotunan baya. Laifina ne, kuma ya ci mini yini guda. Da na sake, na raba shi gida huɗu, kowane maski da sunansa da launinsa, wanda na gama kuma in kulle shi. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙalamin laushin gefe da aka ƙara a CS6, samfurin manhajar da ya fito a 2012, domin ya ba ni damar sassauta gefen gezar doki, gefen sirdi kuma na bar shi da kaifinsa.

Mai bin motsi, wato kayan aikin da ke sa maski ya bi abu da kansa a cikin bidiyo, yana kama allon shago da kyau, amma tufafin da iska ke kaɗawa sai da hannu. Duk wanda zai yi irin wannan aiki, ina ba shi shawarar ya nemi linzamin kwamfuta da allo mai faɗi, domin ɗigogin ƙanana ne ƙwarai.